Ɗan wata biyar mai kilo 10.5: wace kujerar mota ce ta dace da shi?

Maman Sadik

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kujerar yara ta mota. Yarona watansa biyar, nauyinsa kilo 10.5, tsawonsa santimita 72. Kujerar da yake ciki irin mai mariƙin nan ce da ake cirewa daga mota, an rubuta a jikinta santimita 40 zuwa 75, kilo 13. Yanzu da ƙyar makullin yake shiga, maɗaurin yana barin shaida a cinyarsa, ƙafafunsa kuma har sun taɓo majinginar kujerar baya. An ce mini tunda ya wuce kilo 9, in saya masa mai kallon gaba wadda aka rubuta kilo 9 zuwa 18. Haka ne? In ba haka ba ne, me zan duba?

Baban Hafsa

Wa alaikumus salam, Maman Sadik. Allah ya raya shi. Don Allah kada ki juya shi ya kalli gaba. Wannan rubutu na kilo 9 zuwa 18 daga tsohon ma'aunin ingancin kujerun yara yake, wato R44, wanda ya raba kujeru bisa nauyi kaɗai. Yaro matsakaici sai ya kai wajen wata tara yake kai kilo 9, shi ya sa aka ɗauki adadin. Ba a yi lissafin da ɗan wata biyar mai jiki ba. Sabon ma'aunin, R129, wanda ake kira i-Size, ya fara aiki a 2013 kuma ya toshe wannan kafa: ba a juya yaro gaba sai ya cika wata 15, komai nauyinsa. Tun watan Satumba na 2024 ma an daina sayar da sababbin kujerun R44 a Tarayyar Turai. Wata 15 ɗin kuma mafi ƙaranci ke nan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2018 shawararta ita ce yaro ya ci gaba da kallon baya har ya kai iyakar kujerarsa.

Kujera tana yi wa yaro kaɗan ne idan ya kai ɗaya daga cikin iyakoki uku, ba sai duka ba: nauyi, tsawo, ko tazarar da ke tsakanin ƙoƙon kansa da bakin kujerar na sama. Kujerun Amurka yawanci suna son a samu aƙalla santimita 2.5 na jikin kujera a saman kai, wasu na Turai kuma suna yarda har kai ya zo daidai da baki. Littafin da ya zo da kujerar shi ne alƙali. A wurin ɗanki tsawo ne zai fara cika, saura santimita 3, kuma a wannan shekarun abin 'yan makonni ne. Ki fara nema yanzu. Ƙafafun da suka taɓo majingina ba matsala ba ce, yara suna naɗe ƙafa su zauna lafiya, kuma ba da su ake auna ko kujera ta yi kaɗan ba.

Wajen sabuwar, ga inda masu manyan yara suke yin asara. Yawancin kujerun da ake maƙalawa da ƙugiyoyin ISOFIX, wato masu kama ƙarafan da aka ƙera a jikin kujerar mota maimakon bel, an rubuta musu santimita 40 zuwa 105, amma nauyin yana tsayawa wajen kilo 18. Dalili shi ne ma'aunin i-Size bai yarda nauyin yaro da na kujera, in an haɗa, ya wuce kilo 33 a kan ƙugiyoyin ba. Kujera mai juyawa tana da nauyi, wata ta kai kilo 15, sai ya rage wa yaro 18. Yaro matsakaici sai wajen shekara biyar yake kai kilo 18, amma wanda yake can saman jadawalin girma yana iya kaiwa tun yana shekara uku ko ƙasa da haka. A lokacin ya fi ƙarfin maɗaurin kujerar, kuma bai isa zama da bel ɗin mota ba. Shi ya sa ga yaro irin naki na fi son kujerar da ake ɗaurewa da bel ɗin mota, mai kallon baya har kilo 25, wasu ma har 36 da santimita 125. Irin su aka fi yi a Suwidin, kuma da yawansu sun ci gwajin Plus Test, wanda ke auna ƙarfin da ke sauka a wuyan yaro lokacin karo. Idan ta Amurka ce a gabanki, nemi mai kallon baya har fam 50, kusan kilo 22.5, ba mai fam 40 ba.

Anti Nas

Baban Hafsa ya yi gaskiya, bari in ƙara dalilin ta ɓangaren jiki. Girman jiki ba ya sa ƙashi ya yi saurin ƙwari. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji matsakaici ɗan wata biyar kilo 7.5 ne, kilo 10.5 kuwa nauyin ɗan wata 16 ne. Amma wuyan Sadik na ɗan wata biyar ne. Ƙasusuwan wuyan jariri har yanzu wani ɓangarensu guringuntsi ne, ba sa gama haɗewa sai tsakanin shekara uku zuwa shida, kansa kuma kusan rubu'in nauyin jikinsa ne. Idan yana kallon gaba aka yi karo, maɗauri zai riƙe ƙirji, kai ya wuce gaba da ƙarfi, wuya ya miƙe fiye da abin da laka za ta iya jurewa. Idan yana kallon baya, kai da wuya da baya duk tare suke nutsewa cikin jikin kujerar.

Sai dai ina da gyara ɗaya kan manyan kujerun kilo 25. Da yawansu daga santimita 61 ko wata shida suke farawa, kuma sun fi miƙewa tsaye. Ɗan wata biyar da bai gama riƙe kansa ba, in ya yi barci a kujerar da ta miƙe, haɓarsa tana faɗowa kan ƙirji ta matse hanyar numfashi. Ki duba iyakar ƙasa kamar yadda za ki duba ta sama, kuma ki tabbata kujerar tana kwantawa sosai, wajen digiri 40 zuwa 45 ga ƙaramin jariri. Yawancinsu suna da layi ko alama a gefe da ke nuna daidai. Ki gwada shi a ciki kafin ki biya, ki ga faɗin wurin kafaɗa da cinya da idonki, domin lambobin jikin kwali ba sa nuna wannan.

Kafin sabuwar ta samu, ki duba abu uku a ta yanzu. Sau da yawa matashin jarirai da ya zo cikin kujerar shi ne ke cinye wuri, kuma yawanci ana cire shi tun yaro yana wajen santimita 60. Na biyu, makullin tsakanin cinyoyi a wasu kujerun yana da rami biyu ko uku, sai a matsar da shi gaba. Na uku, tsayin maɗaurin kafaɗa: ga mai kallon baya, ya fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, ba sama ba. Kada ki sassauta maɗauri don shaidar cinya. Ki ja rarar daga ƙugu zuwa sama, ki ɗaure, sannan ki gwada tsunkular maɗaurin a kan kafaɗa. In ya tattaru tsakanin yatsunki, bai ɗauru ba. A cire masa riga mai kauri, in da sanyi a rufa bargo bayan an ɗaure. Jan shaidar da ke ɓacewa cikin 'yan mintuna ba abin damuwa ba ce.

Kuma saurin girman nan yana raguwa bayan wata shida, musamman in ya fara rarrafe.

Maman Sadik

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Matashin yana ciki kuwa, zan cire. Motar ƙarama ce kuma ba ta da ISOFIX. Babbar kujera za ta shiga? Kuma ko ta gwanjo za ta yi?

Malam Bakanike

Hajiya, rashin ISOFIX ba naƙasu ba ne. Bel mai ɗaure kafaɗa da ƙugu, in an bi da shi daidai, riƙonsa ba ya kasa na ƙugiya, kuskure ne kawai ya fi yawa wajen ɗaurawa. A kujerun Turai hanyar bel ta kallon baya tana da alamar shuɗi a tsofaffi, kore a sababbi. A bi da shi ba murɗewa, a danna kujerar da nauyin jiki, a ja bel ɗin har ƙarshe, a rufe maƙallin da ke jikin kujerar. Sannan a kama ta daidai inda bel ya ratsa a girgiza: kada ta motsa fiye da santimita 2.5 gefe ko gaba. Wasu motocin bel ɗinsu gajere ne, ko kuma igiyar makullin ta yi tsawo har makullin ya hau kan jikin kujera ya hana ta ɗauruwa. Wannan sai an gwada a motar ake gani, don haka ki je da motar.

Manyan kujerun Suwidin suna da ƙafa mai tokare ƙasa, da igiyoyi biyu da ake ɗaurawa a ƙarfen ƙasan kujerar gaba. Ƙafar ta sauka a kan daɓen mota mai ƙarfi. Idan akwai akwatin ajiya a ƙarƙashin shimfiɗa, murfinsa yana iya fashewa lokacin karo, sai in littafin motar ya yarda. Maganar wuri kuma, a auna daga majinginar baya zuwa bayan kujerar gaba a kwatanta da abin da kamfanin ya rubuta. A ƙaramar mota yawanci bayan fasinja ake sa ta, a matsar da kujerarsa gaba. Yayin da yaro ya ƙara ƙwari ana ɗan miƙar da ita, sai ta rage cin wuri. Kada a taɓa sa mai kallon baya a gaba matuƙar jakar iska (airbag) tana aiki, domin in ta fashe bayan kujerar take duka, daidai kan yaro.

Gwanjo kuwa, in ba ki san tarihinta ba, ki bar ta. Kujerar da ta taɓa shiga hatsari tana iya tsagewa ta ciki, ko farin soson da ke ƙarƙashin yadi ya karye, ido bai gani ba. In daga hannun wanda kika amince da shi ce, ki ɗaga yadin ki duba soson, ki duba ranar ƙira da aka buga a jikin roba, domin yawancin kamfanoni shekara 6 zuwa 10 suke ba kujera. Ki tabbata tambarin amincewa yana nan, a na Turai ruwan lemo ne mai harafin E cikin da'ira, da R129 a rubuce. Littafinta ya zo tare da ita, kuma kada a ƙara mata matashi ko abin tsawaita maɗauri da ba kamfaninta ne ya yi ba, ko da maɗaurin ya yi wa yaron kaɗan. In ya yi kaɗan, wata kujerar za a nema.