Igama ta ce lebura, aiki kuma na akanta: wace lamba zan saka a takardar Kanada?

Ɗan Fagge (Jidda):

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sani ku ba ni shawara kaina ya kulle. Shekarata 6 a Jidda ina aiki a wani kamfanin kayan gini, digirina na akanta ne tun daga gida, WES masu tantance takardun karatu sun riga sun tantance shi, jarabawar Turanci ta IELTS ma na yi alhamdulillah. Yanzu na zo cike Express Entry, tsarin neman zaman dindindin a Kanada da ake bi ta maki, sai na tsaya cak a wurin lambar sana'a ɗin nan, NOC. Matsalar ita ce a igamata, katin izinin zamana a Saudiyya, "amil" wato lebura aka rubuta tun ranar da na sauka, haka yake a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, haka yake a ta'aminat, inshorar ma'aikata, amma wallahi ban taɓa ɗaga buhun siminti ba, ni ke shigar da fatura wato takardun ciniki, ni ke daidaita lissafin banki ƙarshen wata, ni ke haɗa ratib wato albashin ma'aikata, harajin VAT ma ni ke cikewa a tura wa ZATCA hukumar haraji, sai dai akwai mudir wato manaja a kaina shi ke dubawa ya sa hannu, kuma ƙarshen shekara odita na waje ake kawowa.

Na ga lamba uku, 11100, 12200 da 14200, duk suna kama da aikina. Wani ejan ya ce in saka 11100 kawai tunda ina da digiri, shi zai rubuta min wasiƙar aiki in ba shi riyal 6,000. Zuciyata ba ta kwanta ba shi ya sa na kawo nan.

Sarkin Batha (Riyad):

Wa alaikumus salam. Malam kana da digiri me kake jira, saka babbar mana, 11100, ka shiga shafin gwamnatin Kanada ka kwafo ayyukan da suka jera ka kai mudir ya buga hatimi kalas. Su wa za su zo Jidda su duba teburinka?

Baban Hanifa (Madina):

Sarki ka ji tsoron Allah kar ka jefa bawan Allah a rami. Ba sai sun zo Jidda ba, waya ɗaya ko imel ɗaya zuwa kamfanin ya isa, kuma in suka kama bayanin ƙarya ba ƙin biza kawai ba ne, shekara 5 ake hana mutum nema. Ko ejan ne ya rubuta, kai aka sani tunda sunanka ne a fayil ɗin.

Ƙanena Ɗan Fagge zauna ka ji. Tun 16 ga Nuwamba 2022 suka koma tsarin lamba biyar-biyar, kuma lamba ta biyu ita ce ke gaya maka matakin aikin, abin da suke kira TEER. To duba naka guda ukun: 11100 mataki na 1 ne, 12200 mataki na 2, 14200 mataki na 4. Express Entry daga 0 zuwa 3 yake karɓa, ka ga 14200 ta fita ke nan, in aikinka ya faɗa can ko ƙofar ba za ka shiga ba. Wannan ta akawun da ke shigar da fatura da rasit ce kawai ya miƙa wa na gaba. Ita kuma 11100 ta wanda ke tsara tsarin lissafin kamfani ne gaba ɗaya, ya binciki littattafai, ya fitar da rahoton kuɗi ya ba masu kamfani shawara, ya'ani mudir ɗinka da oditan nan da ake kawowa. Abin da ka lissafo da bakinka, daidaita banki, riƙe leja, albashi, cike takardar haraji, kusan kalma da kalma aikin 12200 ne.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne babbar lamba irin 11100 ba ta ƙara maka ko maki ɗaya a aikin da ka yi a wajen Kanada. Mai mataki na 1 da mai mataki na 2 in shekarunsu na aiki ɗaya ne makinsu ɗaya. Abin da ke motsa maki shi ne shekarun haihuwa, karatu da harshe, misali mai aikin shekara 3 zuwa sama in Turancinsa ya kai mataki na 9 a ma'aunin harshe na Kanada, CLB, yana samun 50 a wannan ɓangaren, in a 7 ya tsaya 25 ne. To don me za ka ɗora wa kanka rigar da ta fi ka, ka taka gefenta ka faɗi a banza? Kuɗin ejan ɗin nan gara ka sake zama jarabawa da su in makinka bai kai ba.

Su ba sunan muƙami suke bi ba, ba kuma digiri ba. Kowace lamba tana da jimlar farko da ke bayyana aikin a dunƙule, sai jerin manyan ayyuka a ƙasa, ana so ka yi abin da jimlar farkon ta ce sannan mafi yawan na jerin. Ka ɗauki biro ka rubuta abin da ka yi tun daga Lahadi har Alhamis na sati biyu ba tare da ka kalli shafinsu ba, bayan nan ka ɗora a kai ka gani.

Maman Sultan (Jidda):

Gaskiya Baban Hanifa ya gama magana a kan lamba, ni wurin igamar zan tsaya don nan maigidana ya sha wuya. Shi makanikin na'urar sanyaya ɗaki ne, 72402 ya saka, amma takardunsa na nan wani abu daban suka ce. Da ya je wurin masu kula da ma'aikata suka ba shi shahadar khibra, wato takardar shaidar aiki, 'yar gajeriya, ranar shiga, sana'a, albashi, shi ke nan. Kuma ba laifinsu ba ne, abin da dokar ƙwadago ta nan ta ɗora musu ke nan, ba ta ce su jera ayyuka ba. Su kuma na Kanada suna son takarda mai kan kamfani da adireshi da lambar waya, da ranar farawa, awa nawa a sati, albashi nawa, sannan ayyukan ɗaya bayan ɗaya da sa hannun wanda ke kanka. Wata biyu yana zarya, kullum "bukra inshallah", har ya daina cin abinci sosai, ƙarshe injiniyan da ke kansa ne ya rubuta aka kai aka buga hatimi.

Tsoronsu a fili yake, doka ta hana a sa mutum aikin da ba shi ne a takardar izininsa ba, to wa zai so ya rubuta da hannunsa cewa leburansa ne ke riƙe da leja. Shi ya sa nake cewa ka fara lallaɓa kafil, mai kamfanin da ya ɗauki nauyinka, a gyara mihna wato sunan sana'arka ta Qiwa in zai yiwu, duk da na akanta sai da rajistar SOCPA, hukumar akantoci ta Saudiyya, kuma an ware wa 'yan ƙasa kaso a ciki. In bai yiwu ba kar ka ɓoye, jami'in zai iya ganin "amil" a takarda ya ga wasiƙa ta ce wani abu, gara kai ka riga shi, ka rubuta wasiƙar bayani gajera ka haɗa da bayanan banki da ke nuna ratib na shiga duk wata da takardar ta'aminat. Kuma don Allah kar a kwafo jerin nasu harafi da harafi kamar yadda Sarki ya ce, sun haddace abinsu, a rubuta da kalmomin ofis ɗinku, sunan manhajar da kake amfani da ita, asusun banki nawa kake daidaitawa, ma'aikata nawa kake haɗa wa albashi.

Ka tara duk wannan tun yanzu, in gayyatar Express Entry ta zo kwana 60 ne kawai za ka samu ka miƙa takardun, kuma ka san yadda ofisoshi ke zama in azumi ko aikin hajji ya shigo.

Ɗan Damagaram (Makka):

Ni tambaya gare ni yaya, kana jin Faransanci ko kaɗan? Don tun 2023 suna ware zaɓe na musamman ga masu Faransanci, mu 'yan Nijar nan muke leƙawa, jarabawar TEF ko TCF ake yi. Sannan in ka taɓa tunanin Ostireliya ka sani can ba kai kaɗai ke yanke wa kanka ba, lambarsu shida ce, akanta 221111, kuma sai wata hukuma irin CPA Australia ta fara tantance ka kafin ka nema. Kanada kai za ka zaɓa da hannunka ba mai ce maka ka yi kuskure sai bayan ka biya kuɗi jami'i ya buɗe fayil. Ejan ɗin kuma ka ce ya ba ka lambar lasisinsa ka duba a rajistar CICC, hukumar da ke ba ejan-ejan na shige da fice lasisi a Kanada, in ya fara kame-kame ka san sauran.

Sarkin Batha (Riyad):

To ni dai na ga waɗanda suka yi hakan suka wuce, amma ba komai na janye, Hajiya ta fi ni gaskiya a maganar kwafi.

Ɗan Fagge (Jidda):

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na yi abin da Baban Hanifa ya ce jiya bayan isha, na cika shafi guda, da na ɗora a kan 12200 kusan duka suka hau, a 11100 kuwa biyu ne kawai su ma da ƙyar. Faransanci kam ko gaisuwa ban iya ba ɗan'uwa. Ejan na tambaye shi lasisi ya ce na abokin aikinsa ne da ke Toronto zai turo min, har yanzu shiru. Na yi wa mudir maganar wasiƙa yau da safe bai ce a'a ba, ya ce in rubuto ya gani amma kalmar "muhasib" wato akanta ba za ta fito a ciki ba. Maman Sultan in an bar muƙamin yadda yake a igama aka jera ayyukan a ƙasa, haka maigidanki ya yi ko shi an canza masa sunan muƙamin a wasiƙar?