Neman shawara: saman teburin da na haɗa ya lanƙwashe kuma ya tsage

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watanni biyar da suka wuce na haɗa teburin cin abinci da hannuna, kuma shi ne aikin katako mafi girma da na taɓa yi. Na jera falankai 4 masu kaurin inci 1, na manne su gefe da gefe da gam har faɗinsu ya kai santimita 90, sannan na ɗaure saman a jikin ƙafafun da sukuru 12, na shafa banish a fuskar sama kaɗai. A yanzu tsakiyar teburin ta faɗa, gefunan biyu sun ɗago, har idan na ajiye fensir sai ya gangara tsakiya. Akwai kuma wata tsaga da ta buɗe daga ƙarshen falanki guda, tsawonta ya kai tafin hannu. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na ba aikin nan lokaci mai yawa. Shin mene ne kuskurena, kuma akwai gyara ko sai na sake sabon sama?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka karaya, domin matsalarka sananniya ce, kuma tushenta danshi ne. Katako ko bayan an sare shi ba ya daina shan laima daga iska da kuma sakinta. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke. Abin lura shi ne wannan motsi a faɗi yake faruwa, a tsawo kuwa ɗan kaɗan ne da ba a ma lissafa shi. Saman teburi mai faɗi irin naka yana iya raguwa da kusan santimita 1 idan danshin cikinsa ya sauka da kashi 4 cikin 100. To kai kuma ka ɗaure shi tamau da sukuru 12 a jikin katakon da ba ya motsi ta wannan fuska, saboda haka da ya zo tsukewa bai sami hanya ba, sai ya tsage a inda ya fi rauni, wato ƙarshen falanki, inda ruwa ya fi saurin fita.

Ina kyautata zaton falankan ba su gama bushewa ba lokacin da ka yi aikin. Kafintoci suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi, cewa katako mai kaurin inci 1 yana buƙatar kimanin shekara guda kafin ya bushe a iska, ko da yake a wuri mai zafi da bushewa yakan fi haka sauri. Ka gaya mana kwana nawa suka yi a hannunka kafin ka fara yanka.

Mai tambaya:

Na gode, Malam. Kwana uku kawai suka yi, kuma na tuna suna da nauyi da ɗan sanyi a hannu, garin da zarto yake fitarwa ma yana dunƙulewa.

Amsa ta biyu:

Wannan garin da ke dunƙulewa shi ne shaidar ɗanyen katako. Sai dai ina so in ƙara da batun banish, domin a ganina shi ya tsananta lanƙwasar. Idan aka rufe fuska ɗaya aka bar ɗayar, ɓangarorin biyu ba sa musayar laima daidai, sai ɗaya ya riga ɗaya motsi. Duk abin da ka shafa a sama ka shafa irinsa a ƙasa, shafi nawa ka yi nan shafi nawa ka yi can, musamman a ƙarshen falankan. Ka kuma dubi zoben shekaru, wato layukan nan masu lanƙwasa da ke bayyana a bakin kowane falanki: yayin bushewa zoben nan suna neman miƙewa, shi ya sa falanki yake yin kwari ta ɓangaren da ke fuskantar ɓawon itace. Idan duka huɗun sun fuskanci hanya ɗaya, lanƙwasarsu takan haɗu ta zama babba guda.

Amsa ta uku:

Ɗan'uwa, gyara yana yiwuwa, kuma ban ga dalilin zubar da katakon da yanzu ne ma ya fara zama mai amfani ba. Ka kwance sukurun duka, ka ƙanƙare banish ɗin da samfefa mai lamba 80, ka ɗora saman a kan 'yan sanduna a cikin ɗakin da teburin zai zauna yadda iska za ta ratsa sama da ƙasa, ka bar shi makonni uku zuwa huɗu. Idan kana iya samun na'urar auna danshin katako, ka riƙa gwadawa har adadin ya daina sauka. Wani lokaci yakan miƙe da kansa. Idan bai miƙe ba, ka yanka shi da zarto ta kan layukan gam, ka daidaita gefunan, ka juya falanki ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan ka sake mannewa ka matse sosai har kwana guda.

Game da tsagar, ba na ba da shawarar cusa mata garin katako da gam, domin za ta sake buɗewa. Gara ka rage tsawon teburin da 'yan santimita ka yanke ta gaba ɗaya. Lokacin mayar da saman kuma, ka tsawaita ramukan sukurun da ke gefe su zama dogaye ta fuskar faɗi, ka sa wa kowane sukuru wosha (ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya), ka ɗaure na tsakiya kaɗai da ƙarfi, sauran kuwa ka bar musu ɗan sassauci yadda katakon zai zame. Daga nan ka goge da samfefa mai lamba 120, sai 180, kana bin tsawon jijiyar katakon.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na kwance sukurun da yammacin nan, kuma ina cire na ƙarshe na ji katakon ya yi ɗan ƙara ya saki. Na ɗora shi a kan sanduna kamar yadda aka ce, zan dawo da bayanin yadda ya kasance bayan makonni huɗu, in Allah ya yarda.