Injin yankan itacena yana mutuwa da na ba shi wuta

Assalamu alaikum, masu gyaran inji, a taimaka mini. Injin yana tashi in na ja cok, amma da na ba shi wuta sai ya shaƙe ya mutu. Na canza fulogi, na zuba sabon fetur, na gauraya mililita 100 na man 2T (man inji da ake haɗawa da fetur) a lita 5. Shiru.

Abin da ya ɗaure mini kai, in na kwance murfin tanki sai in ji "fuss", ya ɗan yi aiki minti biyu. Wata uku ya yi a ajiye da mai a ciki, wannan laifina ne. Kafar iskar tanki ce ta toshe, ko tiyo ya tsage, ko sai an buɗe kafireto? Wanne zan fara dubawa?