Arzikin ƙasa ya ƙaru, amma wa ya gani a aljihunsa?

Malamin sakandare, Sakkwato:
Assalamu alaikum. A 2014, da aka sake lissafin tattalin arzikin Najeriya, an ce ya kai kimanin dala biliyan 510, har ya zarce na Afirka ta Kudu. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne talauci ya yi wa katutu ta fuskoki da dama, kusan kashi 91 cikin ɗari a jiharmu, kashi 27 a Ondo. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani a sana'arsa.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Wa alaikumus salam, Malam. A shekarun da ake ta shelar bunƙasar ne ƙofar masaƙarmu take garƙame. Lokacin da muke aiki, albashina kaɗai yana ciyar da gidana, yana kuma taɓa mai tuwo, tela, mai gidan haya da manomin audugar Funtuwa. Abin da ya haɓaka daga baya shi ne mai, banki da sadarwa, waɗanda ribarsu tana da yawa amma hannun da suke ɗauka kaɗan ne, saboda haka kuɗin ya taru a wurin 'yan tsiraru, mu kuwa muka koma acaɓa da gadi.

Mai sayar da waya, Kano:
Baba, a yi mini afuwa, sadarwa ba ta bar mu haka ba. Tun zuwan wayar salula a 2001 matasa da dama suka samu abin yi, kuma ni da gyaran waya na yi aure. Sai dai babu fansho, babu tabbas.

Mai sayar da hatsi, Dawanau:
Ɗana, ai cinikin naka ma a aljihun talaka yake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, masu sayen buhu a wurina suka koma tiya, masu tiya suka koma gwangwani. Attajiri komai dukiyarsa cikinsa ɗaya ne, ba zai cinye geron da gida ɗari suka kasa saye ba, shi ya sa na rage saro, na sallami yaron shago ɗaya.

Malamin sakandare, Sakkwato:
Haka ne, Hajiya. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma iyayen ɗalibaina galibi ba 'yan albashi ba ne, kuma da damina ta faɗi ajina kan rage, domin yaran suna ƙwadago a gonakin wasu.