Neman kalmar Hausa: me za mu kira "knowledge management" a rediyo?

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum malamai. Ranar Laraba zan gabatar da shiri a rediyo a nan Sakkwato kan ko jami'o'inmu sun tanadi fasahar da za ta ba su damar tattara iliminsu, su adana shi, su kuma isar da shi ga mai bukata. Ina neman kalmar da mai sauraro a Wurno ko Bodinga zai fahimta da jin farko.

Ma'aikacin ɗakin karatu: Wa alaikumus salam, Malama. "Adana ilimi" ya yi kaɗan. Na ga kundayen digiri jibge a wani sashe, ƙura ta rufe su, gara ta ci gefensu, kuma duk a adane suke. Abin da ake nufi shi ne a mayar da su cikin kwamfuta, a ɗora su a intanet, a kuma rubuta abin da farfesa ya sani kafin ya yi ritaya. Wannan yana bukatar wutar lantarki tsayayya, da na'urar ajiya, da ma'aikata masu horo. Ina ba da shawarar "sarrafa ilimi".

Malamin Hausa: Sarrafawa ta fi dacewa da gyaɗa da fata. Ni "tattalin ilimi" nake koyarwa, domin tattali ya haɗa kulawa da amfani.

Ɗalibin digiri na biyu: Allah ya gafarta Malam, ina tsoron kada a ɗauka tattalin arziki ake nufi.

Dattijo: Dukkanku kun kauce, domin "ilimi" Larabci ne. Na daɗe ina cewa "rumbunta sani", daga rumbu. Tun 1975 aka kafa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma garin da ke da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu cike da rubuce-rubucen magabata bai kamata ya jira Kano ta yanke masa kalma ba.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, waɗannan magabatan da Larabci suka rubuta mafi yawan littattafansu, kuma "ilimi" ta zama tamu tun kafin zuwan boko. Ba wanda ya ambaci Kano a nan.

Dattijo: Daidaitacciyar Hausar da kuke koyarwa daga ina aka ɗauko ta?

Mai gabatar da shiri: Baba, don Allah mu bar wannan zuwa wani lokaci. Zan ce "tattalin ilimi", sannan in bi shi da bayanin tattarawa da adanawa da rarrabawa. Ɗaya ɓangaren kuma, wato ko jami'o'in sun shirya ta fuskar fasaha, idan na ce "shirin fasaha" zai rikice da shirin rediyo, saboda haka zan ce "tanadin fasaha".

Ma'aikacin ɗakin karatu: Na amince, amma a ambaci horon ma'aikata, kada a zaci sayen kwamfutoci kaɗai ne tanadi.

Dattijo: Ban gamsu ba. Ki yi amfani da shi ranar Laraba, amma a takarduna "rumbunta sani" zan ci gaba da rubutawa.