Injin matse goruna yana sakin ƙarfi da rana, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar roba. Ina da wurin tara gorunan ruwa da na lemo kusa da kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi. Muna matse su da inji mai aiki da matsin mai (haidirolik), mu ɗaure da waya, mu loda zuwa Kano.

Tun shigowar bazara injin ya canza hali. Da safe yana danne goruna har su lafe, dami ya fito da nauyinsa. Rana na yi sai tankin mai ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa, allurar gejin da ke nuna ƙarfin matsi ta ƙi hawa, farantin da ke danne gorunan ya riƙa sauka kamar ba ya so. Damin da ya fito a lokacin kumbura yake yi, wani ma wayar ta tsinke. Ga shi a kilo ake saye, direba kuwa kuɗin mota guda yake karɓa ko iska ka loda masa.

Kumburin ba daga murafen goruna masu riƙe iska ba ne, yara na cire su kafin a zuba.

Makaniki ya canza robobin silinda, babu abin da ya sauya. Yanzu cewa yake famfo ne ya cinye. Ni dai man nake zargi: mai lamba 46 muke zubawa, kuma zafi na tsinka shi. Shin akwai wanda ya koma lamba 68, wanda ya fi 46 kauri, a irin zafinmu ya ga bambanci? Kuma ta yaya ake gane famfo ne ko bawul kafin in kashe kuɗin sabo?