Bayokemistiri ko bayoloji: wanne zai kai ni likitanci?

'Yar Aboabo:
Salamu alaikum. WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ta fito, na samu agrigat (jimlar maki) 9, kuma kun san likitanci a Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, sai mai 6, wato A1 a darussa shidan da ake ƙirgawa. Fiziks ce ta ja ni baya. Baba yana so in sake zama Nov/Dec, wato WASSCE ta masu zaman kansu, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da in yi digiri a KNUST, daga baya in nemi GEMP ta Jami'ar Ghana, wadda ake ɗaukar masu digiri su yi shekara 4 maimakon 6. Tun ina raka Mma Gee ganin likitan hawan jini nake son aikin nan. Wane kwas zan cika a fom wanda zai shirya ni wa jarrabawar shiga?

Yaya na Korle Bu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ta wannan ƙofar na shiga. Ni dai bayokemistiri zan ce miki. A shekarun farko na likitanci abubuwa uku ne ke shan kan mutane: anatomi, fiziyoloji da bayokemistiri. Wanda ya riga ya san yadda jiki ke ƙona sukari da aikin enzayim ya sauke ɗaya daga cikin ukun, sai ya fuskanci gawa a ɗakin anatomi da hankali ɗaya. Amma sai in kina shiri da oganik kemistiri, domin nan ake zubar da maki. In hadda kike yi masa ba fahimta ba, ɗauki bayoloji, ki zaɓi fiziyoloji da jenetiks duk inda aka ba ki zaɓi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne CWA ɗinki, wato matsakaicin makinki na duk kwasa-kwasan digiri. A Tek 70 ne digiri mai daraja ta ɗaya, 60 kuma daraja ta biyu ta sama, kuma makin shekarar farko yana bin mutum har ƙarshe. Na ga masu kwasar kwasa-kwasai masu nauyi don a ce sun iya, suka ƙare da sakamakon da ba ya kai su ko zauren jarrabawa. Kada kuma ki yar da littafin fiziks ɗinki na sakandare. Bayan jarrabawa akwai ganawa da malamai, don haka in an yi hutu ki nemi asibitin da za ki riƙa taimakawa, ki samu abin faɗa da kika gani da idonki.

Kawu daga Bronx:
'Yata, in har Amurka na ranki, tasu jarrabawar MCAT ce, kashi huɗu, maki daga 472 zuwa 528. Tun 2015 suka sa ilmin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa a ciki. Sai dai makarantunsu kaɗan ne ke ɗaukar baƙo, ki fi ƙarfafa ta gida.

Malama Asawase:
Kada ki raina maganar Babanki. GEMP kuɗinta ba wasa ba ne, ga shekara 4 ta digiri, ga hidimar ƙasa. In darasi ɗaya ko biyu ne suka hana ki, gyara su ya fi araha nesa ba kusa ba. Kin ma duba jami'o'in UDS a Tamale da UHAS a Ho? Ku zauna da shi ku yi lissafi da sidi kafin ki sayi fom.

'Yar Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Zan cika bayokemistiri, in kuma yi rajistar Nov/Dec saboda fiziks. Yaya, wane littafin oganik ka yi amfani da shi?